Jan Yatsa a Kan Ƙuri'ar Ama Haruli

Kashti ta shigo Naulkot tana da shekara goma sha tara, da akwatin ƙarfe guda ɗaya da takardar gama aji takwas da ta naɗe a cikin mayafi. Mijinta Pratap soja ne, kamar rabin mazan ƙauyenmu. Shekara goma suka yi da aure, amma in aka tattara kwanakin da ya yi a gida ba za su cika shekara biyu ba. Shi ya sa mata kan tsokane ta a wurin yankan ciyawa, su ce ita ba Pratap ta aura ba, uwarsa ta aura. Takan ce ai ta fi su dace, tunda nata mijin ba ya shan giya, kuma ya iya tatsar saniya.

Uwar mijin nan ita ce Ama Haruli, 'yar ƙaramar mace mai kaifin harshe, wadda ba ta taɓa taka ƙofar aji ba. Ita ta koya wa Kashti yadda ake hawa gangaren dutse da damin ciyawa a ka, da yadda ake gasa gurasar tamba ba ta tsage ba. Ita kuma ta koya mata haɗa pitiya, jan garin nan da ake shafa wa mutum a goshi. A jiƙa saiwar kurkum a ruwan lemun tsami har ta rikiɗe ta yi ja, a shanya a inuwa, a daka. Na Ama Haruli ya fi na kowa kama jiki. In ta shafa maka da safe, har ka kai bakin titi da yamma ana sanin daga gidan da ka fito.

Ba a shiga gida a Naulkot a fita da goshi wayam. Baƙo ne, ɗa ne mai shirin tafiya, mai kawo wasiƙa ne, babban gidan zai kwaɓa garin da ɗan ruwa a faranti, ya ɗiba da babban yatsan dama, ya ja daga tsakanin gira zuwa sama, ya manna ƙwayoyin shinkafa. Haka Ama ta yi wa Pratap ranar da ya koma bakin aiki a karo na ƙarshe. Wata huɗu bayan nan dusar ƙanƙara ta rufta wa sansaninsu a kan iyaka. Kashti tana da shekara ashirin da tara, da yaro ɗaya, Lalit. 'Yan'uwanta maza suka zo su tafi da ita gida, ta ce musu in ta tafi da wa tsohuwar nan za ta riƙa faɗa. Ta zauna. Ta samu aikin dafa wa 'yan firamare abincin rana, shinkafa da baƙin wake, ta riƙe shi shekara da shekaru.

Kashti ba ta da yawan magana, ba ta kuma da hayaniya. Abin da kowa ya san ta da shi shi ne ba ta mantuwa. Wani mai kanti ya taɓa auna mata wake mai tsakuwa, ya kuma ƙaryata ta a gaban mutane. Shekara shida tana wuce ƙofarsa ta ƙara tafiyar rabin awa zuwa wani kantin, har ya rufe ya koma birni.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da gidan su Diwan Bora. Shekara huɗu Pratap ya ba shi, kuma a murhun Ama Haruli ya ci rabin abincin yarintarsa. Ya so shiga soja, aka auna tsayinsa aka ce saura faɗin yatsa ɗaya, aka sallamo shi. Sai ya buɗe shagon shayi a bakin titi, inda motocin jif ke juyawa, daga nan ya zama ɗan gaban goshin wani ɗan kwangilar hanya mai son kujerar majalisar jiha. Matar Yaya yake kiran Kashti, kuma akwai wasa tsakaninsu. In ta wuce da tukunya yakan tambaye ta ko yau ma ta ƙona wa 'ya'yan mutane shinkafa. Ita kuma ta ce ya hau kan benci tukuna don ta ga mai maganar.

Shekarar da Kashti ta cika hamsin aka yi zaɓen da ya canza ta. Rumfar zaɓenmu tana can ƙasan kwari, tafiyar awa biyu a gangare, kuma zaɓe biyu ke nan gwiwoyin Ama Haruli suna hana ta sauka. A wannan karon aka ce doka ta yarda wanda ya haura tamanin da biyar, da wanda naƙasa ta zaunar, ya jefa ƙuri'arsa daga gida. Ma'aikata za su zo da takardar, mutum ya yi alamarsa a ɓoye, a rufe a ambulan, a ajiye sai ranar ƙirga. Mutum ashirin da uku suka ba da suna daga Naulkot da ƙauyuka ukun da ke samanta. Ama tana da tamanin da takwas. Kwana uku tana shiri kamar mai aurar da 'ya. Ta sa aka shafe dandamalin ƙofa da jar ƙasa, ta yi wanka tun hantsi bai ɗaga ba, ta zauna a kan dutsenta na shan rana tana jira.

Ma'aikata biyu ne suka hau, duka mutanen filin ƙasa, suna haki, da ɗan sanda ɗaya da mai ɗaukar hoto. Diwan ya biyo su a matsayin wakilin ɗan kwangila. Abokin takarar ɗan kwangilar, wani tsohon malamin makaranta, ba shi da mutanen da zai tura kowane tsauni, don haka ba kowa daga wajensa. Ama ta ce ba abin da za a fara sai baƙi sun sunkuyo. Ta shafa wa ma'aikatan, ta shafa wa ɗan sanda, ta shafa wa mai hoto da bai ko kunna na'urarsa ba. Da ta zo kan Diwan sai ta dube shi ta ce, "Kai ba sai ka sunkuya ba, an riga an rage maka aikin tun daga sama." Kowa ya yi dariya, har da shi. Ta goge yatsa a gefen mayafi, ta shiga bayan kwalin da suka kafa mata, ta yi alamarta, ta ninke takardar da hannunta. Haka aka yi a kowane gida daga cikin ashirin da ukun. Kafin la'asar goshin ma'aikatan nan ya yi kaurin ja kamar bangon gidan bauta.

Ranar ƙirga, a babban garin gunduma, ƙuri'un ambulan ake fara buɗewa. Diwan yana tsaye a bakin tebur. Ya san takarar ta yi zafi, ya kuma ga inda yawancin tsofaffin suka sa alamarsu. A gefen kowace takarda daga tsaunukanmu akwai ɗan jan dabbare, inda yatsa ya riƙe. Doka ta ce duk takardar da ke ɗauke da wata alama ko rubutu da za a iya gane mai ita da shi, a jefar da ita. Diwan ya ɗaga murya ya ce wannan shiri ne. An sayi ƙuri'un, in ji shi, an kuma ce wa tsofaffin su sa ja don mai saye ya tabbatar an cika masa alkawari. Jami'in zaɓen baƙo ne daga kudu, bai taɓa kwana a ƙauyen dutse ba. Ya juya takardun, ya ware su gefe. Da aka gama ƙirga, ɗan kwangila ya ci da ƙuri'a tara. Da yake tazarar ba ta kai yawan waɗanda aka ware ba, sai da aka sake duba su, jami'in ya sake cewa ba su da inganci.

Da abin ya tsaya nan, da Kashti ta haɗiye. Ba ruwanta da wanda ya hau kujera. Amma Diwan ya fito ya tarar da ɗan jarida, giyar nasara tana ɗibarsa, ya ƙara gishiri. Kwana biyu bayan nan jarida ta fito da cewa tsofaffin Naulkot sun sayar da ƙuri'unsu a kan bargo da kwalba. Cikin mako 'yan sanda biyu suka hau. Suka tsaya a tsakar gida da takalmansu, suka tambayi Ama Haruli, uwar sojan da aka kawo a akwati da tuta, nawa aka ba ta, kuma ina bargon.

Matar da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ranar ta yi shiru. Da suka tafi ta ɗebi toka ta dinga dirzar babban yatsanta har ya yi jini. Ta ce wa Kashti ta ɗauke farantin daga inda za ta gan shi. Ta daina fita kan dutsenta. Da Lalit ya zo hutu daga otal ɗin da yake aiki a birni, ranar komawarsa ya durƙusa a gabanta kamar kullum, sai ta cusa hannunta a ƙarƙashin mayafi ta kau da kai. Ya daɗe a durƙushe. Daga baya ya tashi ya ɗauki jakarsa, ya sauka da goshi wayam, karo na farko tun haihuwarsa.

Washegari Kashti ta sauka shagon shayi. Da mutane a kan benci. Diwan ya gan ta, ya ce a zuba wa matar Yaya shayi mai madara.

"Bar shayinka," in ji ta. "Gida nawa aka shafa maka rannan?"

Ya yi murmushi, ya ce siyasa ce kawai, kada ta ɗauka da zafi, nan da wata ɗaya kowa ya manta.

"Ashirin da uku," ta ce. "Na ƙirga maka. Kai kaɗai ne a ɗakin ƙirgan nan ka san mene ne jan. A gaban mai rubutawa ka faɗa, Diwan. A gaban mai rubutawa za ka janye."

Wani daga kan benci ya ce ai mai dafa shinkafa ta zama lauya. Aka yi dariya. Ta dubi mai maganar sau ɗaya, ta juya.

Mata suka ba ta shawara ta kai ƙara gidan Golu, ubangijin shari'a na duwatsunmu, ta rubuta kokenta ta rataya tare da ƙararrawa, ta bar shi da Diwan. Ta ce Golu ba ya kuskure, amma ba a buga hukuncinsa a jarida, ita kuwa a jarida aka zage su. Ta je wurin tsohon malamin da ya faɗi zaɓe, ta tarar ciwon suga ya cinye shi, ya ce shi ya gaji, ba zai iya shari'a ba. Daga nan ta nemi wani tsohon lauya, Upreti, wanda ya taɓa taimaka mata kan takardun fanshon Pratap. Shi ya gaya mata ba sai ɗan takara ba. Duk mai ƙuri'a a mazaɓar yana iya ƙalubalantar zaɓe a babbar kotun jiha, muddin bai wuce kwana arba'in da biyar ba. A rana ta arba'in da ɗaya ta sa hannu, da cikakken sunanta, da rubutun 'yar aji takwas.

Upreti bai ɓoye mata komai ba. Ya ce alƙalai ba su karanta layin dokar nan na alama iri ɗaya. Akwai masu cewa alama alama ce, in ta fito a takarda shi ke nan, don in aka buɗe ƙofa kowane mai saye zai shigo da tasa al'adar. Akwai kuma masu tambaya ko alamar nan tana nuna wane ne, ko kuwa datti ne kawai, don ba a hana mutum ƙuri'arsa saboda hannunsa ya yi gumi. Ya ce abu biyu za su nuna: cewa jan bai fallasa kowa ba, da cewa waɗanda aka zubar sun isa su juya sakamakon. Ya kuma ce za a daɗe. Ta ce ita da ta jira miji shekara goma, ta iya jira.

Ama Haruli ba ta jira ba. Ta rasu a tsakiyar damina, wata uku da rabi bayan ƙirgan, ba tare da ta sake taɓa farantin ba. Ba wanda ya ga hawayen Kashti. Da aka gama kwanakin makoki, ta bi gidajen sauran tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta roƙi kowa komai ba. Ta dai tuna musu cewa hannun da ya shafa wa Diwan, shi Diwan ya kira hannun sayarwa, don haka mai son hannunsa ya kiyaye. Daga ranar, a biki ko suna ko bikin girbi, in maza suka jeru, farantin yakan zo kan na hagunsa, ya tsallake, ya sauka kan na damansa. Ba mai zaginsa. Ana gaisawa da shi, ana shan shayinsa. Da farko yakan mai da abin wasa, ya ce an hutar da shi wanke fuska. Daga baya ya koma zuwa biki a makare, ya tsaya can baya.

Mutum ɗaya ce ta ci gaba da shafa masa, mahaifiyarsa, Ama Jaymati. Ta haura casa'in, idonta ya yi hazo, kunnenta ya yi nauyi, kuma tana cikin ashirin da ukun. Diwan ya gargaɗi mutanen gidansa kada wanda ya gaya mata komai. A saninta ƙuri'arta ta shiga, mutumin ɗanta ya ci.

Shekara uku Kashti tana hawa motar awa bakwai zuwa kotu, tana amai a kowace kwanar hanya, tana dawowa ta ɗora tukunyar makaranta. Sau goma sha tara ta je. Wani zuwan a ɗaga, wani zuwan alƙali ba ya nan. Lauyan ɗan kwangila ya ce yatsa ai shi ne babbar shaida, da shi ake gane ɓarawo. Sai aka kai takardun wurin masanin zanen yatsu, ya duba ya ce kwaɓaɓɓen gari ne ya dabbare, babu zane ko ɗaya da za a karanta. Aka kunna hoton da aka ɗauka a gidajen, ga goshin ma'aikata jajur, amma ba inda aka ga ana shafawa, tunda a bakin ƙofa ake yi kafin a kunna na'ura. Sai Diwan ya shiga akwatin shaida, ya yi rantsuwa. Ya ce shafa ja abin ranar biki ne kawai. Ya ce ma'aikatan a gidan bauta na bakin hanya suka samo nasu. Ya ce shi bai ga wani tsoho ya taɓa faranti ba a ranar. Kashti tana zaune a benci na biyu, hannuwanta a kan cinya, tana kallonsa har ya sauko. A bakin ƙofa ya ce mata, ƙasa-ƙasa, ta koma ga tukunyarta, tsofaffinta suna ƙarewa. Gaskiya ya faɗa. Tara suka rage.

Upreti ya roƙi kotu ta tura wakili ya ɗauki shaidar waɗanda suka rage a gidajensu, tunda ba mai iya saukowa. Kotu ta yarda. Da suka zauna tsara sunaye, Kashti ta ce a sa Ama Jaymati a farko. Lauyan ya cire tabarau ya ce uwar mutuminsu ce fa, za ta iya faɗin duk abin da aka sa mata a baki.

"Ba bakinta nake so ba, Yallaɓai," in ji Kashti. "Hannunta nake so."

Ta san abin da take yi. Ta san tsohuwar nan ba ta yi mata komai ba, ta taɓa yi mata jinya ma lokacin haihuwar Lalit, kuma abin da za ta ji ranar zai bi ta har ƙarshenta. Kashti ta auna wannan, ta tuna hannun Ama Haruli a ƙarƙashin mayafi, ta bar sunan inda yake. Ba ta leƙa tsohuwar ba, ba ta aika mata kowa ba, don kada a ce an shirya ta.

Wakilin kotun wani lauya ne mai suna Saksena, mutumin birni, mai farar riga da aka goge. Ya iso da hantsi tare da magatakarda da lauyoyin ɓangare biyu. Rabin ƙauyen ya taru a kan katanga. Aka fito da Ama Jaymati aka zaunar a tabarma. Diwan ya riga ya sa matarsa ta ɓoye farantin. Tsohuwar ta ji muryoyin baƙi, ta miƙa hannu gefe inda ya saba zama, ba ta ji shi ba. Ta tambayi surukarta, surukar ta ce ba a gan shi ba. Sai ta ce wane irin gida ne wannan da manyan mutane za su hau dutse su zauna kamar an zo karɓar gawa. Ta laluba ɗamararta ta zaro wani ɗan gwangwani da ya yi baƙi don tsufa, ta zuba garin a tafin hagu, ta ɗiga ruwa daga kofinta.

Diwan ya matso ya ce mata a kunne wannan aikin kotu ne, ba a yi.

"Kotu ba ta da goshi?" in ji ta. "Matso, ɗana."

Saksena ya dubi lauyoyin, ya rasa yadda zai yi da hannun tsohuwa a miƙe, ya sunkuya. Ta shafa masa, ta shafa wa magatakarda, ta shafa wa Upreti, ta shafa wa lauyan ɗan kwangila da yake ja da baya, ta ƙare da ɗanta. Ta goge yatsa a mayafi. Magatakarda ya miƙa mata takardar sammaci don ta tabbatar ita aka kawo wa. Ta riƙe, ta juya, ta ce ita ba ta gani, ta mayar. A gefen takardar kotu, inda ta riƙe, ga jan dabbare, irinsa ɗaya da na ƙuri'u ashirin da uku. Saksena ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce wa magatakarda ya rubuta abin da ya faru daga shigowarsu, ya haɗa takardar a cikin shaida.

Aka tambaye ta ko haka ta yi ranar zaɓe. Ta ce to da yaya za ta yi, baƙin gwamnati ne fa. Aka tambaye ta ko ɗanta yana wurin. Ta ce yana wurin mana, shi ya riƙe mata farantin ma, don hannunta yana rawa. Magatakarda ya rubuta.

Sai tsohuwar ta tambaya me ya sa ake tono zancen shekara uku. Lauyoyi suka dubi ƙasa. Diwan ya ce ba komai, aikin gwamnati ne. Kashti tana tsaye a bakin ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu. Ta ɗaga murya daidai yadda kunnen tsohuwar zai ɗauka.

"Ama, ƙuri'arki aka zubar. Da taki da ta Ama Haruli. An ce kun sayar a kan bargo, jan nan shi ne shaidar ciniki."

"Wa ya ce?"

Tsohuwar ta juya fuska a hankali zuwa inda take jin numfashin ɗanta. Ta fara cewa ita da ta ba da ƙuri'arta ga mutumin da yaron nan ya ce ta ba, Saksena ya yi sauri ya tare ta, ya ce doka ta hana a tambayi kowa wanda ya zaɓa, kada a rubuta. Ta ce Diwan ya matso. Ya matso, ya durƙusa. Ta laluba fuskarsa har ta samu goshin, ta kama gefen mayafinta, ta goge jan da ta shafa masa, sau uku, har da ƙwayoyin shinkafar. Sannan ta ce a mai da ita ɗaki.

Wata bakwai bayan nan aka yanke hukunci. Alƙalin ya rubuta cewa dokar ba ta ce kowace alama ba, ta ce alamar da za a gane mutum da ita, kuma mai zargin shiri shi zai kawo shaidar shirin. Jan da ke kan takarda ashirin da uku iri ɗaya, in ji shi, bai nuna kowa ba, sai dai ya nuna mutanen da ke karrama baƙo. An yi dokar zaɓe daga gida don tsofaffi su samu shiga, ba don a samu hanyar fitar da su ba. Ya ce ba a sayi ƙuri'ar kowa ba, ya jero sunayensu daga rajista. Ya kuma keɓe sakin layi guda ga Diwan Bora, ya ce shaida ne da ya san gaskiya ya rantse a kan kishiyarta. Aka ƙirga ƙuri'un: goma sha takwas na malam, biyar na ɗan kwangila. Malam ya ci da huɗu. Aka ɗaukaka ƙara, aka yi ta ja, har ya zama 'yan watanni kawai ya zauna a kujerar. Kashti ba ta ko je taya shi murna ba. Jaridar da ta zage su a shafin farko ta buga gyaran a shafi na bakwai, kusa da tallan taki. Ta yanke shi duk da haka. Ta sa Upreti ya juya mata hukuncin daga Turanci, ta adana a akwatin ƙarfenta, a kan takardar aji takwas.

Ama Jaymati ta rasu a hunturun, ba ta sake shafa wa ɗanta ba. Ɗan kwangila ya daina ɗaga wayar Diwan. Da bazara aka sa ranar auren 'yar Diwan ta fari, kuma uban amarya ba ya tarbar dangin ango da goshi wayam, abin magana ne har ƙauyuka bakwai. Saura kwana biyar ya shigo tsakar gidan Kashti da rana, tana tsince wake. Ya rame. Ya tsaya, ya ce matar Yaya, yanzu ita ce babba a gidajen nan biyu, in ta yi, kowa zai yi.

Ba ta ce ya zauna ba. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar, ta nuna masa dutsen da Ama Haruli ke zama shan rana, ta ce ya fuskance shi ya karanta. Sunayen tukuna, duka ashirin da ukun, sannan sakin layinsa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Ya karanta. Da ya zo kan sunan mahaifiyarsa ya tsaya, Kashti ta jira shi ya ci gaba. Da ya yi ƙasa da murya a kan nasa sakin layin, ta ce Ama Haruli ma kunnenta ya yi nauyi kafin ta rasu, ya maimaita. Ya maimaita.

Sai ta shiga ta ɗauko farantin, wanda ba a fito da shi ba tun ranar da 'yan sanda suka zo. Ragowar garin Ama ne a ciki. Ta ɗiga ruwa, ta kwaɓa, ta ɗiba da babban yatsa. Diwan ya runtse ido, ya miƙo goshi. Ta karɓi takardar daga hannunsa, ta shimfiɗa a kan dutsen, ta danna yatsan a kan sunan Ama, Haruli Devi, ta ja zuwa sama, ta manna shinkafa.

Ya buɗe ido ya gani.

"Ka gaya wa yarinyar zan zo in shafa mata da hannuna," in ji Kashti. "Ita ba ta yi mini komai ba."

Ya tambaya shi fa.

Ta goge yatsa a gefen mayafi, ta ce ai shi ba a yi masa sai ranar biki, haka ya rantse, kuma yau ba biki ba ne. Ranar bikin ma ya bi ta gidan bauta na bakin hanya, an ce a can ake samu. Ta ɗauki farantin ta kai ɗaki, ta dawo ta zauna ga wakenta. Ya ɗan ƙara tsayuwa a rana, sannan ya fita ta ƙofar da ke tsakanin gidajen, ta tashi ta sa mata sakata.